Silinda huɗu ta tsere wa takwas: jinjina ga sabuwar Land Cruiser 79

Duk wanda ya tashi tsakanin Madawa da Buza da Keita ya san Land Cruiser a-kori-kura tun kafin ya iya karanta sunanta. Ita ke ɗauko marar lafiya daga ƙauyen da ruwa ya yanke wa hanya, ita ke kai masu allurar rigakafi rugar da wata mota ba za ta yarda ta leƙa ba, ita sojoji ke hawa, ita kuma attajirin da ya san ciwon kuɗinsa yake saya. Toyota ta fito da jerin 70, dangin da 79 ta fito daga cikinsa, a 1984, shekarar da aka soma babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da kuɗin Italiya, lokacin da matan Adar suka riƙa jidar duwatsu a ka suna tare ruwa a kan tuddai. Itatuwan da aka dasa a wancan zamani sun zama inuwa. Motar kuwa har yau da ƙirarta ta asali take yawo, kafaɗa a miƙe, gilashi a tsaye, ba ruwanta da kwalliya. Tun ina yaro nake son ta, amma ban taɓa son ta irin na yanzu ba, tun da aka ɗora mata ƙaramin inji da giya otomatik.

Na san wannan magana za ta sa direbobi da yawa su tsuke fuska. A tasha da garaji an daɗe da yanke hukunci: inji shi ne mota, wanda ya fi girma shi ya fi gudu, otomatik kuwa ta 'yan birni ce waɗanda ƙafarsu ba ta iya kuloci ba. Da Toyota ta bayyana sabuwar 70 a watan Agustan 2023, aka ji cewa injinta lita 2.8 ne, silinda huɗu kacal, irin na Hilux, sai masoyan V8 suka yi ta salati. Ina za a kai silinda huɗu a jikin da ya saba da takwas?

To, a duba lissafin. Injin V8 mai shan gazuwal, wanda aka saka wa wannan mota a 2007, girmansa sisi 4,461 ne. Yana ba da ƙarfin doki 205, da ƙarfin murɗa niyuton-mita 430, kuma giyarsa ta hannu ce, mai hawa biyar. Sabon injin sisi 2,755 ne. Tazarar da ke tsakaninsu ta haura sisi 1,700, wato ta fi injin Corolla mai lita 1.6 ɗungurungum. Amma ƙaramin yana ba da doki 204, doki ɗaya tak ya rage ya kamo babban, a ƙarfin murɗa kuwa ya wuce shi da 70, don 500 yake bayarwa. Aka kuma haɗa shi da giya otomatik mai hawa shida. Kai, ranar da na fara ganin waɗannan lambobi sai da na sake karantawa, don daɗi!

Lambobi a takarda ba su isa shaida ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. Gwajin da ya fi kowane raba gardama shi ne tseren miƙaƙƙen layi: mota biyu su jera kafaɗa da kafaɗa, a tsaye cik, a ba da alama, kowa ya taka iya takawarsa har mita 402. Babu kwana, babu wuce wani ta gefe, babu inda direba zai ɓoye raunin motarsa. Amurkawa ne suka raya wannan wasa, har suka kafa masa hukuma, NHRA, a 1951. Masu sharhin motoci na Ostareliya, ƙasar da ake ji da wannan mota kamar yadda muke ji da ita, sun jera tsohuwar da sabuwar sun gwada, kuma sakamakon bai bar wa kowa abin cewa ba. Silinda huɗu ta bar takwas a baya. Ba da ƙyar ba, da rata ta gani da ido.

Abin da ya fi burge ni shi ne dalilin. Doki ɗaya ne tsakaninsu, nauyinsu kuma bai yi wani nisa ba, ko da yake ƙaramin injin ya ɗan rage wa gaban motar kaya. Ashe ba a cikin silinda aka ci tseren ba. A cikin giya aka ci shi.

Ku zauna a kujerar direban V8 mu tashi tare. Ƙafar hagu a kan kuloci, ta dama a kan totur. In ka saki kuloci da garaje, tayar baya ta yi ta ƙuga a wuri ɗaya, musamman da yake bayan a-kori-kura ba shi da nauyi in babu kaya. In ka sake shi da lallashi, abokin karawarka ya riga ya tafi. Ka samu ka tashi, giya ta ɗaya gajera ce ƙwarai, don an yi ta ne domin jan kaya da hawan dutse, kafin ka ƙifta ido inji ya kai ƙarshen numfashinsa. Dole ka ɗaga ƙafa daga totur, ka taka kuloci, ka jawo doguwar sandar nan zuwa ta biyu, ka saki, ka sake takawa. A duk tsawon wannan lokaci, wanda a mota mai nauyin giya irin wannan yakan kusan kai daƙiƙa guda, babu ko ƙwayar ƙarfi da ke isa taya. Mota mai fiye da tan biyu, mai faɗin goshi, tana tafiya ne da saurin da ta tara kawai, iska kuma tana ture ta. Ba a nan asarar ta tsaya ba. Turbo da hayaƙin inji yake juyawa, da ka ɗaga ƙafa hayaƙi ya ragu, turbo ya yi sanyi, sai ka sake jiran sa ya farka bayan ka shiga sabuwar giya. Za ka maimaita wannan wajen sau uku kafin ka kai mita 402.

Yanzu ku dawo cikin sabuwar. Ƙafa ɗaya a birki, ɗaya a totur, inji ya ɗan ɗaga murya, turbo ya riga ya cika ƙirjinsa tun mota ba ta motsa ba. Tsakanin inji da giya babu farantin kuloci, akwai kombata, wani kasko rufaffe cike da mai, da fanka biyu suna fuskantar juna a ciki. Wadda ke haɗe da inji tana watsa mai, mai yana tura wadda ke haɗe da giya, a tsakiyarsu kuma akwai ta uku ƙarama da ke juyo da man ya sake bugawa. Wannan dabara ce ke sa a daidai lokacin tashi, lokacin da mota ta fi bukatar ƙarfi, kombata yakan ninka ƙarfin murɗar inji kusan sau biyu, kuma a hankali yake miƙa shi, ba da fizga ba, taya ta samu ta kama ƙasa. Da ka saki birki sai tafiya. Canjin giya kuwa, ƙafarka tana manne da totur ake yin sa. Kun ga mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, taɓarya ɗaya na tashi ɗaya na sauka, hatsi ba ya samun hutu? Haka giyar nan take aiki: kafin wannan hawa ya gama saki, na gaba ya riga ya kama. Turbo ba ya sanyi, taya ba ta jira. Tubarkalla! Duk wanda ya fara jin wannan turi marar yankewa a bayansa, a cikin motar da ya saba jin tana numfasawa tsakanin giya da giya, zai san an yi aiki a nan.

Toyota da kanta ta ƙara mana hujja. Da ta fito da wannan inji na 2.8 da giyar hannu mai hawa biyar daga baya, sai ta rage masa ƙarfin murɗa zuwa 450. Inji ɗaya, girma ɗaya, amma mai otomatik ne aka sakar wa linzami gaba ɗaya.

Kada a ce na raina girman inji. Girma yana da ranarsa, kuma ba ni da bakin musun haka. Inji famfon iska ne: iya iskar da ya zuƙa, iya man da zai iya ƙonawa, iya ƙarfin da zai bayar. Babban inji yana zuƙar iska mai yawa da kansa, shi ya sa V8 ke ba da cikakken ƙarfin murɗarsa tun daga juyi 1,200 a minti, alhali ƙaramin sai ya kai 1,600. Shi ya sa kuma yake da wannan gurnani mai kauri da ke sa yara su bar wasa su fito bakin hanya. Amma akwai hanya ta biyu ta samun iska, ita ce a ɗura ta da ƙarfi, kuma aikin turbo ke nan. A duba V8 ɗin nan dai: a jikin 79, da turbo ɗaya, 430 yake bayarwa, a jikin Land Cruiser 200 kuwa, da turbo biyu, yana kaiwa 650. Silinda ba ta ƙaru ba, iska ce ta ƙaru. In aka raba ƙarfi da girma, tsohon injin 1HZ da muka fi sani yana ba da doki wajen 31 a kowace lita, V8 yana ba da 46, sabon kuwa 74. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne, kuma a idonmu ya faru, a jikin mota ɗaya.

Dattawan Tawa ma sun riga mu ganin irin wannan. A watan Janairun 1989 ayarin tseren Paris-Dakar ya gangaro daga Agadas ya ya da zango a Tawa, kuma motar da ta lashe tseren a shekarar, Peugeot 405 Turbo 16 wadda Ari Vatanen ya tuƙa, injinta lita 1.9 ne kawai. Doki wajen 400 take fitarwa daga wannan ɗan inji. Manyan kat-kat, motocin daji masu ja da taya huɗu, masu injin da ya ninka nata sai dai su sha ƙurarta.

Can ƙolin tseren miƙaƙƙen layi kuwa, a rukunin da ake kira Top Fuel a Amurka, an haɗa duka biyun: inji lita 8.2, da na'urar ɗura iska, da wani mai na musamman da ba fetur ba, ƙarfin doki wajen 11,000. Tun 2008 aka rage musu nisa zuwa mita 305 saboda hatsari, kuma suna cinye shi cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, da gudun da ya haura kilomita 500 a awa. Ga abin da nake so masu gardamar tasha su ji: waɗannan motoci ba su da canjin giya ko ɗaya. Kuloci ne mai faranti da yawa da ke kamawa kaɗan-kaɗan har ya riƙe gaba ɗaya, don kada ƙarfi ya yanke ko na ƙiftawar ido. Waɗanda ke ƙasa da su kuma, dubban masu tsere na ƙarshen mako, da yawansu wata tsohuwar giya otomatik suke nema ido rufe, Powerglide, wadda kamfanin General Motors ya fito da ita a 1950, mai hawa biyu rak. Mutanen da rayuwarsu ke nan, waɗanda ke auna nasara da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, sun daɗe da gane cewa canjin giya asara ne. Mu ne dai muke ta yi wa otomatik kallon raini.

Wani zai ce, to mu da ke Adar ina ruwanmu da tseren mita 402? Ai kullum cikinsa muke, ba mu dai kira shi da sunan ba. Direban da ya loda buhunan albasa a Sabon Gida ko Tunfafi, ya zo zai hau kwalta, ga tirela ta taso daga Ƙonni, tseren tashi daga tsaye yake yi. Wanda ya baro Madawa ya nufi Buza, hanya ta fara hawa, ya tarar da babbar mota tana ja da ƙyar a gabansa, yana da 'yan daƙiƙu ya wuce ta kafin kwana, shi ma tseren yake yi. A hawan dutse da kaya, canjin giyar hannu ya fi ciwo fiye da a filin tsere, domin a daƙiƙar nan da ka taka kuloci nauyi yana jan ka baya, kafin ka shiga ta uku saurin da zai riƙe ta ukun ya zube, ka koma ta biyu kana jin inji yana kuka. A yashi kuwa abin ya fi muni. Duk wanda ya taɓa ratsa busasshiyar ƙorama a kwarin Majiya, ko ya bi hanyoyin ƙauyukan Tamaske da Ibohaman bayan ruwa ya kwanto da rairayi, ya san dokar: kada ka yanke wuta a tsakiya. Taka kuloci sau ɗaya a wurin da bai dace ba, sai shebur da faranti da kiran mutanen gari. Na ga sabuwar tana ratsa irin wannan yashi, tana sauya giya a tsakiyarsa, ba ta ko yi tuntuɓe ba. Abin da gwanin direba ke kwashe shekaru yana koyo da ƙafar hagu, ita ta zo da shi daga masana'anta. Kuma babu warin kuloci da ya ƙone, warin da kowane yaron mota ya sani, kowane mai mota kuma yake jin sa a aljihu.

Zafi ma yana cikin lissafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, iska takan yi shaƙaf, inji marar turbo ya zuƙa ya ji bai ƙoshi ba, ƙarfinsa ya ragu. Mai turbo yana cike giɓin da kansa.

Duk da wannan yabo, ba zan ci amanar 1HZ ba, da tsohuwar zuma ake magani. Injin nan mai silinda shida a jere, sisi 4,164, wanda ya fito a 1990, dokinsa wajen 130 ne, ƙarfin murɗarsa 285, ba turbo, ba kwamfuta. A tseren mita 402 shi zai zo na ƙarshe, kuma ba zai ji kunya ba, don ba wannan aka haife shi ya yi ba. Famfon mansa na ƙarfe ne zalla, bakanike a Buza zai kwance shi a gindin bishiya ya mayar. Yana haƙuri da gazuwal ɗin jarka da na kwalba. In batir ya yi sanyi, samari huɗu su tura shi ya tashi. Sabuwar ba ta san wannan wasa ba: otomatik ba a tura ta ta tashi, injektocinta kuma suna fesa mai da matsin da ya ninka na iskar taya sau ɗaruruwa, ɗigon ruwa ko ƙura a cikin mai yana iya jawo gyara mai tsada. Man giyarta yana son kulawa, musamman ga mai yawan shiga yashi da kaya, inda kombata ke ɗaukar zafi. In ta yi ciwo kuma sai an jona mata kwamfuta kafin ta faɗi inda ke mata zafi.

Amma ni ban ɗauki waɗannan a matsayin aibi ba, sharuɗɗa ne, kuma masu sauƙin cikawa. Tun 2011 matatar Damagaram ke tace mana mai a cikin gida, mai wannan mota ya sha a gidan mai, ya canza matatar gazuwal a kan kari, ya ƙara ta biyu mai raba ruwa in yana yawan shiga daji. Injin kuma ba baƙo ba ne, tun 2015 yake cikin Hilux, kayan gyaransa suna kasuwa, samarin makanikai na Maraɗi da Ƙonni da Tawa sun riga sun saba da cikinsa. Masu tsoron gangara kuma su kwantar da hankali, ana iya riƙe giyar da hannu a hawan da ake so, inji ya taya birki aiki a saukowa daga tudu. Sauran jikin kuwa yana nan yadda muka san shi: shasi mai kauri, aksul na ƙarfe gaba da baya, ƙaramar giyar kat-kat, bayan da ke ɗaukar kaya ba ya ƙorafi. Ba su taɓa abin da ya sa muke son ta ba, abin da ke gajiyar da mu kawai suka cire. Direban da ya wuni daga Keita zuwa ƙauyuka ya dawo, gwiwarsa ta hagu ba ta yi tsami ba, shi zai ba da labari.

A 2024 Toyota ta sanar a Ostareliya cewa za ta daina saka V8 a wannan jeri. Na ji zafin labarin, domin muryar injin nan ba ta da magaji. Waɗanda suke da shi su riƙe shi da kyau, darajarsa ba za ta faɗi ba.

Ina roƙon samarinmu abu ɗaya, da zuciya ɗaya nake roƙon. Kada wani ya karanta wannan ya je ya jera da abokinsa a kan babbar hanyar da ta ratsa Madawa, ko a ayarin kai amarya. Hanyar nan ta amalanke ce da 'yan kabu-kabu da yara masu talla da garken awaki, kuma motar da ta haura tan biyu, mai tsayi irin wannan, ba ta tsayawa da saurin da take tashi. Masu wannan wasa na gaskiya a killataccen fili suke yi, da hular kwano, da motar asibiti a gefe, 'yan kallo kuma a bayan shinge.

Irin wannan fili nake fatan gani a jihar Tawa, ko da sau ɗaya ne a shekara, bayan an kwashe albasa aljihu ya yi nauyi. A auna mita 402 a shimfiɗaɗɗen fako, a jera su huɗu: 1HZ, da V8, da V6 mai fetur mai lita 4.0 da doki 228 wadda ake shigo da ita daga ƙasashen Larabawa, da sabuwar 2.8. A yi zagaye na farko babu kaya. A nan ina jin V6 za ta ba da wahala, domin injin fetur yana da dogon numfashi, kuma ita ma yanzu ana samun ta da otomatik mai hawa shida. Sannan a loda wa kowace buhu goma na albasar Galmi, a ɗaure da igiya, a sake jerawa. A wannan zagaye na biyu ni ina bayan 2.8, kuma a layin gaba za a same ni, ina ihu har muryata ta dushe.